Yashin Ladi

Ranar Alhamis ce ana gab da babbar sallah, a shekarar da na fara azumi. Ina tsaye a kan wata tsohuwar taya a bakin tashar motar kasuwar Suk al-Arabi, rana tana dukan tsakiyar kaina. A bayana matan unguwarmu sun jeru a gindin katanga, kowace da murhun gawayi da kasko, suna juya gyaɗa a cikin yashi mai zafi. Ni ba ciniki aka kawo ni ba. Aikina kallon hanya: in na hango motar da ke kwashe masu talla da kayansu, in kwarma ihu. Kasha ake ce wa wannan kamen da Larabcin garin, kuma kalmar da nake ihu ke nan.

A Umdurman aka haife ni. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, suka zauna. Babana yakan tafi tsinkar auduga ya daɗe, saboda haka kaskon Inna ne ke riƙe da gidan. Kafin gari ya waye mun ɓare gyaɗa, mun jiƙa ta da ruwan gishiri, mun shanya a tabarma. Ranar Juma'a mukan gangara bakin kogi mu ɗebo yashi, mu tankaɗe da rariya, mu tsaya 'yar carafke da duwatsun da suka rage har Inna ta aiko a kira mu. Makaranta ban taɓa shiga ba. Tsofaffin takardun 'yan makaranta dai sun bi ta hannuna da yawa, ina naɗe su kamar mazurari a zuba gyaɗa. Sabon yashi ƙona gyaɗa yake yi. Sai wanda ya sha wuta ya yi baƙi, ya sha maiƙo, shi ke suya lumui. Shi ya sa in mace za ta fara sana'ar, wata tsohuwar hannu ke ɗebar mata daga nata, ta ara mata kasko, ta matsa mata wuri a gindin katanga. Haka kowace a cikinsu ta tsaya da ƙafarta.

Ladi daga wajen Damagaram ta zo, mijinta ya rasu a hanya, ta iso da goyo a baya, ba ta jin Larabci ko na gaisuwa. Wankau take yi a gidajen mutane, a biya ta da sauran abinci. Inna ta dube ta wata rana ta ce, "Ke, hannun nan naki ruwa zai cinye shi. Gobe ki biyo mu." Ladi ta ce, "Yaya, da me zan fara? Ko ludayi ba ni da shi." Inna ta ce, "Ludayi ne ya dame ki? Ki zo da bayanki da idonki." Ta koya mata komai: yawan gishiri, yadda ake jin ƙamshin nuna, yadda ake rage wuta. Ladi mace ce mai bin magana. Abin da aka ce ta yi, shi take yi, ba ƙari.

Ranar nan, kasuwarta ta fara buɗewa ke nan, har ta yi maganar sayen kaskon kanta bayan sallah. Na hango motar ta karyo kwana, na buɗe murya: "Kasha! Kasha!" Wuri ya yamutse. Inna ta naɗe hannu da gefen mayafi ta sungumi kasko, ni na ɗauki buhu, muka faɗa lungun masu takalma. Da na waiwaya sai na ga Ladi a durƙushe, tana ɗebar yashi tana rufe garwashi a tsanake, tana daddannawa da matsami. "Kashe" ta ji. Ta ɗauka an ce a kashe wuta. Tana cikin kashewa aka ɗaga ta, da goyon, da kaskon aro, aka jefa a mota. Ba ta yi kuka ba. Mu take nema da ido, kamar mai son a gaya mata ko ta yi daidai.

Da muka fito, wutar kowa tana ci, garwashi a warwatse. Tata kaɗai ce a mace. Maza sun bi sawu har suka gaji. Wasu suka ce an kai su bayan gari, wasu suka ce an mayar da marasa takarda inda suka fito. Ba wanda ya sake ganinta. Inna ta tattara yashin da Ladi ta rufe wutar da shi a gwangwanin madara ta ɗora a kan katangar ɗaki. Abin da ta faɗa ke nan, sau ɗaya: "Na koya mata suya, ban koya mata gudu ba." Daga ranar ihuna ya zama biyu, na Larabci da na Hausa. Har Inna ta rasu ba ta bari an taɓa gwangwanin ba, wai mai shi za ta zo.

Bayan shekaru masu yawa, da yaƙin nan ya kore mu, ban ɗauki komai ba sai jikoki. Da muka dawo babu ƙofa, babu gado, har wayar lantarki an zare daga bango. Gwangwanin yana nan. Wa zai saci yashi?

Yanzu jikata Nusaiba, wadda ke rubuta mini wannan, ita da ƙawayenta suna tara matan da yaƙi ya watso a tsakar gidanmu. Wata ƙungiya ta ba su murhu da kasake, ana koya musu suya da haɗa sabulu da yadda ake ajiye riba. Abu ne mai kyau, ban raina ba. Amma ni bakin ƙofa nake zama, idona a hanya. Nusaiba takan ce, "Habboba," wato kaka, "ki shigo inuwa mana, ba mai zuwa." In ce, "Ke yi aikinki." Da, wadda ta ba ki yashi ta san ɗakin da kike kwana, kuma duk da haka mun rasa Ladi. Yanzu a yi taro a watse, wata ko sunanta ba a riƙe ba.

Cikin matan akwai wata yarinya daga yamma, da goyo, ba ta jin Hausa, Larabcinta kuma guntu-guntu. Na lura duk abin da aka ce ta yi, shi take yi, ba ƙari. Na sauko da gwangwanin na juye mata a kasko. Ta miƙa hannu za ta kunna wuta, na riƙe hannun. Na sa aka nemo mai jin yarensu, na ce a tambaye ta yadda ake cewa "gudu" a garinsu. Ta faɗa, na maimaita, ta yi dariya ta gyara mini, na sake maimaitawa har ya zauna a bakina. Sannan na saki hannunta.