Sa Hannun Oom Gawie

A tashar masunta ta Lambert's Bay ba wanda bai san Drienie Cloete ba. Tun tana budurwa take gyaran kifi a wurin, har ƙarni ya zauna mata a hannu, sabulu ya gaji ya haƙura. Ga ta da baki kamar reza. Ƙartin masunta in suka hango ta tafe sai kowa ya gyara harshensa.

Da mijinta ya rasu, kamfanin da yake wa aiki ya karɓe gidan da suke ciki. Sai ta sayi tsohuwar tirelar shan iska, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, daga hannun wani manomin dankali, Gawie Steenkamp, wanda kowa ke kira Oom Gawie, wato Kawu Gawie. Shi da kansa ya jawo mata ita har filin masu tirela na bakin teku. Da ta yi maganar takarda, dariya ya yi.

"Takarda kuma? Ni da ke akwai ɓarawo ne? Ba ni hannu."

Ta ba shi hannu, ciniki ya faɗa. Haka mutanen gona suke yi, kuma da shi aka yi ta tafiya lafiya shekara da shekaru. Ta ɗinka labule, ta shuka tumatir a gwangwanaye, ta saba da shiga ƙofa a karkace. Ba ta da wani gida a duniya sai wannan.

Bana aka sayar da filin, za a gina masaukin baƙi. Aka ce kowa ya janye tirelarsa kafin ƙarshen wata, wadda ta rage a rushe ta. Ƙanwar Drienie ta ce ta kawo tirelar ta ajiye a bayan gidanta a Vredendal. Drienie ta nemi maƙwabcinta Faan, mai a-kori-kura, wanda ke ce mata Tannie, wato Gwaggo, ya ja mata ita.

"Haba Tannie Drienie, in ja wannan kwandon tsatsar ba lasisi? 'Yan sanda su tare ni su ce satowa na yi?"

"Kwandon tsatsa? Ka dubi motarka tukuna, mara kunya."

Zagin bai sa ya ja ba. A ofishin rajista wata yarinya mai kirki ta duba kwamfuta ta girgiza kai, ta karanto cikakken sunan Oom Gawie.

"Tannie, a nan tirelar ta Gabriel Steenkamp ce. Sai ya sa hannu a takardar canjin mallaka kafin mu ba da lasisi."

"Ai na biya shi!"

"Ni na yarda da ke. Kwamfutar ce ba ta sani ba."

Oom Gawie yanzu yana gidan tsofaffi a Clanwilliam, mantuwa ta cinye shi. 'Yarsa tana ƙasar waje, ta ce za ta duba lamarin, har yau tana dubawa. Drienie ta sa rigar zuwa coci ta hau motar haya zuwa wurinsa.

Ta same shi a baranda, an lulluɓa masa bargo a gwiwa. Bai gane ta ba, amma da ta ambaci tirelar sai fuskarsa ta washe. Ta tuna masa cewa ya sayar mata da ita.

"Sayarwa? Wa ya ce na sayar? Ralie ai kashe ni za ta yi. Disamba za mu kai yara teku."

Ralie matarsa ce, ta daɗe a kabari. Drienie ta fito da takardar canjin mallakar. Tsoro ya kama ta, da kunyar abin da za ta yi.

"Ta lasisi ce kawai, Oom. Don tafiyar Disamba."

"To, ki ce haka mana, yarinya! Kawo."

Ya karɓi biro da murna, ya ɗora shi kan layin, ya tsaya. Ya daɗe a haka.

"Me ake rubutawa a nan?"

"Sunanka, Oom."

Ya dubi takardar, ya dube ta, ya yi ɗan murmushin jin nauyi.

"Tuna mini."

Ta faɗa masa. Ya maimaita a hankali, ya ce suna mai daɗi, ya miƙo mata biron.

"In mai sunan ya zo sai ki ba shi ya sa hannu."