Jijiyoyi Biyu na Ranar Talata

A kasuwar Nzeng-Ayong da ke Libreville, in ka tambayi teburin Abdulwadud mahauci, sai a ce ka duba inda mata suka fi cincirindo. Mutumin Marwa ne. Ya sauka Libreville yana saurayi da wuƙa biyu naɗe a tsumma, yau ga furfura har a gira. Ba shi da yawan magana, amma akwai alfahari guda da ba ya gajiya da shi: shekara talatin yana fawa, ba a taɓa dawo masa da nama ba. Matarsa Hadijatu takan ce ko daga barci aka tashe shi, da wannan zai fara kafin salati.

Wadda ta fara dawo masa da kaya kuwa yarinya ce da ya yanka ragon sunanta da hannunsa, Hikima, 'yar maƙwabcinsa mai shagon atamfa. Haihuwar Gabon ce, Faransanci ya fi zama a bakinta, tana aikin kammala digiri a wani ɗakin bincike. Ta zo neman jijiyar agara ta saniya. Ta ce suna da na'ura mai kama da firinta, sai dai maimakon tawada tana zubo wani abu mai danƙo kamar romon ganda da ya daskare, tana saƙa shi layi bisa layi har ya zama 'yar raga. Fatansu wata rana a ɗora ragar inda jijiyar mutum ta tsinke, naman jiki ya bi ta ya haɗe. Ba a kai ga mutum ba tukuna. A jijiyar saniya take gwadawa: ta yanka, ta haɗa da ragar, ta sa inji ya yi ta ja har ta ga inda za ta tsinke.

Abdulwadud ya yi mata abin da ake yi wa 'yar gida. Wa zai miƙa wa 'yar makaranta ƙafar saniya da gashi da datti? Ya babbake ƙafafun, ya kankare, ya wanke da ruwan zafi, sannan ya zare jijiyoyin fes. Bayan kwana biyu ta dawo da su a leda, kai a sunkuye, ta ce wuta ta riga ta dafa su, ba su da amfani. Mahautan layin sun sha dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ranar ko tuwo bai iya ci ba, don abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da wani ne, da sai ya ce ta nemi wani mahaucin. Shi tambayarta ya yi yadda take so. Ɗanye, in ji ta, ba wuta, ba ruwan zafi, ba ko ƙwarzanen wuƙa, kuma a cikin ƙanƙara. Sati uku kacal suka rage mata a kan na'urar kafin a ba wasu ɗalibai. In bai yiwu ba, shekararta ta tafi. Haka tsoho ya koma koyon fawa. Daga sallar asuba sai mayanka, yana roƙon kada a soka ƙugiya a agarar shanun da ya zaɓa, yana feɗe fata a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Sannan ya hau taksi da kular ƙanƙara a cinya ya kai mata da kansa. Guda goma sha huɗu ya kai, kuma duk wanda ya ga aikin ya san an yi gwaninta.

Amma hannu ba ya ƙin tsufa. Ranar Talatar sati na biyu, sau biyu bakin wuƙa ya shafi jijiya, ɗan ƙwarzane siriri da ba mai gani sai shi. Ya jujjuya jijiyoyin biyu, ya tuna dariyar layin, ya jefa su cikin ƙanƙara ya ja bakinsa.

Saura kwana huɗu Hikima ta zo teburinsa, ido ya yi ja. Goma sha biyu sun riƙe, biyu sun tsinke da wuri, ta rasa dalili. Malaminta ya ce ke nan haɗin nata ba abin dogaro ba ne, sai ta sake daga farko, ga shi ba lokaci. Ba zargin kowa ta zo yi ba, godiya ta zo yi masa, a gaban mahauta da masu sayen nama.

Abdulwadud ya ajiye wuƙa.

"Na ranar Talata ne?"

Ta duba wayarta, ta ɗago da mamaki, ta ce su ne.

"To ba haɗinki ba ne, 'yata. Wuƙata ce. Na gani, kunya ta hana ni faɗa."

A layin babu wanda ya yi dariya. Hikima ta ce a hankali ba sai kowa ya ji ba, Baba, za ta gaya wa malamin cewa an samu matsala a mayanka kawai. Ya girgiza kai. Mayanka mutum nawa ne a ciki da za a shafa wa laifinsa? Gobe da sassafe zai kawo mata wasu biyun, kwana huɗu sun isa.

"Shi kuwa malamin naki," in ji shi, "ki rubuta masa yadda aka yi. Ki sa sunana."