Kwas Ɗin Iya Magana da Sunan Mahaifina

"Kira shi da sunansa kai tsaye," in ji malamar da ke koyar da mu ta kwamfuta daga ƙasar waje.

Kamfaninmu na robobi da ke Sharada ne ya saka mu kwas ɗin iya magana ta intanet, tare da abokan aiki na wasu ƙasashe. Wanda bai ci ba, babu ƙarin girma. Saboda fargaba, sai da na haddace ƙasidarsu kaf.

Gwajin kuwa shi ne in yi wa shugaban sashenmu gyara, ina kallon ƙwayar idonsa, babu Alhaji, babu Malam. Dattijon nan kuma sunan mahaifina gare shi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku yi haƙuri, akwai ɗan gyara."

Malamar ta ce wai tsoro ne ke damuna.

Alhaji ya kashe makirufo ya ce, "Haba Malam Sabi'u, faɗi mu huta. Na yafe."

Na ce, "Ku kun yafe, Baba. Bakina ne ya ƙi."

Ta kayar da ni, ƙarin girma ya wuce ni. Wai wadda ba ta san abin da ba a faɗa ba, ita ce gwanar koyar da magana!

Jama'a, da ku ne, za ku faɗa?