Abin da Ban Faɗa wa Likita Ba

Ƙanena kalando yake tuƙawa, wato babur ɗin haya, tsakanin unguwar Walia da cikin gari. Da safe sai ya narkar da ƙwayar taramol a shayi don ya jure rana, da yamma ya bi da maganin tari, wani lokaci har da argi, giyar da ake dafawa a gida. Ni kaɗai na sani, don ni nake wanke masa kaya. Sau ɗaya ya tambaye ni, "Yaya, ina ake kai mutum idan yana son ya daina?" Na daka masa tsawa, na ce kada ya tona mana asiri.

Wata rana da azahar ya faɗi a tsakar gidanmu a unguwar Gardole, bakinsa na kumfa. Ni da Kawu muka kai shi asibiti. Likita ya tambaya da Larabcin da ake yi a garinmu, "Me ya sha?"

Kawu ya riga ni. "Jikan alhazai ne, ba ya shan komai. Zazzaɓi ne."

Kawun ya juyo ya harare ni. A gidanmu ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Ni da ko a kasuwa bakina ba ya mutuwa, na yi tsit. Aka ɗaura masa maganin zazzaɓi, kafin magariba ya cika.

Kwana uku masu ta'aziyya suna cewa zazzaɓin bana mugu ne, ina amsawa. Sunan gidanmu yana nan garau har yau. Shi muka ceta.