Salansa Don Kunnen Karya

A shagon bindigogi na garin Taupō wata tsohuwa ke tsaye, takalmanta duk laka, karyar farautarta kwance a gefe. Salansa uku na rage ƙarar bindiga mai shago ya jera mata. Tana ɗaura kowace a bakin bindigarta, ta kai kafaɗa, ta rufe ido ɗaya, hannu ko rawa ba ya yi. Barewa nawa hannun nan ya sauko da su daga dutse, Allah kaɗai ya sani.

"Iya, wannan ba ta da nauyi!" mai shago ya ɗaga murya, har sau biyu.

"Ba ni mai nauyin, ɗan nan, ta fi kashe ƙara." Tana shafa kan karyar. "Nawa kunnen, ƙarar bindiga ta riga ta cinye shi. Nata nake ceto."