Makirufon da Ba a Jona Ba

Yayana kafinta ne, kuma shi kaɗai ya rage cikin maza huɗun da suka kafa ƙungiyar waƙar bishara ta cocinmu. A shagonsa suka fara, bayan an tashi daga aiki, suna zaune a kan ƙofofin da bai gama gogewa ba. Akwai malamin firamare mai tsara musu waƙoƙi, da direban motar asibiti, da mai gyaran agogo da ake ce wa Dogo don shi ne gajerensu. Ba su da kayan kiɗa ko ɗaya. Yaya ne ke riƙe muryar ƙasa, mai kaurin nan da ake ji a ƙirji kafin ta iso kunne.

Suna da yadda suke sauya mutum. Wanda zai bari shi ke zaɓen magajinsa. Sabon sai ya riƙa tsayawa a bayansa duk inda suka je, yana bin muryarsa a hankali, har ranar da tsohon zai matsa gefe ana tsakiyar waƙa, sabon ya shige gurbin ba tare da an yanke ba. Haka direban ya yi da aka sauya masa wurin aiki. Dogo, da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, wata nas ya zaɓa. Aka yi ta gardama kan sa mace, har ranar da ta buɗe baki, kowa ya haɗiye maganarsa. Malamin ne kawai ya tafi ba magaji, don a aji ya faɗi da alli a hannu.

Daga nan ƙungiyar ta yi ta faɗi. Aka yi kaset, aka sayi jita da kibod, aka bar shagon wai garin katako na lalata kaya. Wasu aure ya ɗauke su, wasu karatu. Mutum biyu suka fice saboda an sa su a baya a hoton kaset. Shugabanci ya koma hannun ɗan direban, mai kaɗa kibod, yaron da Yaya ya sha goyawa a wuya.

Shekara arba'in da ɗoriya Yaya na tsaye a gefen hagu, injin yanka katako kuwa na cin kunnensa. Ya fara shiga waƙa a makare, wani lokaci ya yi ƙasa da kowa ba tare da ya sani ba. Dukansu sun ji. Ba wanda ya faɗa masa. Abin da suka yi shi ne suka cire wayar makirufonsa daga lasifika, suka tura bakinta ƙarƙashin kafet, suka bar tsoho yana zuba gumi a gaban ƙarfen banza.

Ni na gano, ranar da sharar coci ta faɗo kan rukuninmu na mata. Na ɗaga kafet, ga waya a naɗe. Na kai wa ɗan direban, ya ce wai don girman Baba, kamar yadda suke kiran Yaya, suka yi, ba sa son su ɓata masa rai. Na tambaye shi ko haka za a girmama shi shi ma in ya tsufa. Ya sosa ƙeya.

A shago na faɗa wa Yaya. Sai da na kashe injin, na ɗaga murya a kunnensa mai ɗan dama, har mai shagon kusa ya ji. Ya goge hannu da tsumma, ya ce ni dai ba na iya kawo labari mai daɗi, tun ina yarinya.

Ya je gwajin waƙa da yamma kamar kullum. Da aka gama addu'ar buɗewa ya ce, “Tun yaushe?”

Ɗan direban ya ce, “Tun bara, Baba. Ku yi haƙuri.”

“Kunne dai ya tafi, ban musa ba. Amma da kun faɗa min, da na nemi mai tsayawa a bayana tun ina da abin ba shi.”

Sai ya tambayi wanda zai tsaya. Kowa ya duƙufa kallon takalminsa. Ɗan direban ya yi bayani cikin ladabi cewa kibod na fitar da wannan muryar da hannun hagu, ba lallai sai mutum ba. A ƙarshe wani mai sayar da magani cikin mawaƙan ya ɗaga hannu, don kunya.

Bai daɗe ba. Ba laifinsa ba ne, ba a koyon hanya a bayan wanda ya riga ya kauce mata. In Yaya ya yi ƙasa, shi ma ya bi shi, su ɓace tare. Yaya da kansa ya sallame shi, ya ce ya koma layinsa kada ya lalata masa murya.

Wata Lahadi, ana baiti na biyu, Yaya ya matsa gefe. Ba wanda ya shiga gurbin. Ya sauko ta matakalar gefe ya zauna kusa da matarsa. Waƙar ta ci gaba yadda take, kuma ban ga wani a cikin jama'a ya waiga ba. Fasto ma sai da matar Yaya ta tuna masa kafin ya ambaci sunansa a sanarwa.

Yanzu ba ko ɗaya a ƙungiyar da ya taɓa zama a kan ƙofofin nan. Suna waƙa da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba.

Kwanan baya ɗan direban ya je shago, ba kunya, ya roƙi Baba ya yi musu teburin ɗora kibod, don na ƙarfen na girgiza. Na ce wa Yaya in ya taɓa katakon nan ba ni ba shi. Ya ce bai ji me na ce ba. Ya auna, ya yanka, ya shafa masa fenti har sau biyu.