Malamar da Ta Zo Daga Madani

Lokacin da aka sake buɗe makarantarmu ta 'yan mata a Gadarif, ajujuwa biyu na baya ba su koma hannunmu ba. Iyalan da yaƙi ya koro ne a ciki, igiyoyin shanyarsu daga taga zuwa taga. A cikinsu aka ɗauki wata mata ta koyar da Larabci. Daga Madani ta zo, ta ɗan girme ni, ba ta da yawan magana. Idan muka zauna fatur, wato karin kumallo, da hantsi a kan kwanon ful, dafaffen waken nan, ita sauraro take yi, idonta a kan mai magana har ya gama. Wannan kallon ne ya fara damuna. Sai kuma wata abokiyar aiki ta raɗa mini cewa a can garinsu shugabar makaranta ce. Tamu shugabar ta kusa ajiye aiki, ni ce kuma ke biye mata.

Labarin ƙasa nake koyarwa. Wata rana ina bayanin noman dawa, na ce inji ya raba mutane da wahalar girbi a manyan gonaki. Wata yarinya ta jikin bango, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu.

"Ustaza, kin ce inji ya ɗauke wahalar girbi. Na fahimce ki daidai?"

Na ce eh. Ta ce to ita ba haka take gani ba, domin babanta a manyan gonakin Gadambaliya yake aiki, da hannu suke yanke kan dawa, sussuka kawai inji yake yi. Ta gode mini, ta zauna.

Gaskiyarta ce, amma yadda ta tsara maganar ne ya tsaya mini a rai. A makon nan yara uku daban-daban suka yi mini haka: su maimaita abin da na faɗa, su tambaya ko daidai ne, sannan su saɓa. Na ce lallai akwai mai shirya su. Na fara lura da masu shiga ɗakin matar bayan tashi, da masu kai mata ruwa. Ko dariya na ji a ajinta sai in ɗauka da ni ake.

Ran nan ba ni da darasi, na zagaya bayan ajinta, na tsaya ƙarƙashin dalbejiya ina daddanna waya kamar mai neman layi. Ashe yara biyu ne suka yi faɗa. 'Yar gari ta ce baƙi sun ƙazantar da makaranta, baƙuwar kuma ta yi mata gorin Hausar da take yi da ƙawayenta maimakon Larabci. Matar ba ta ɗauki bulala ba. Ta sa kowace ta faɗi ƙorafin 'yar'uwarta da bakinta, ba zagi, har sai mai ƙorafin ta yarda cewa abin da take nufi ke nan. Sau huɗu 'yar garin tana sakewa. Daga ƙarshe dai aka gane ita shekarar karatun da ta rasa ke cin ta, ɗayar kuma a kan teburin ajin nan ta yi wata biyar tana kwana. Na tsaya har ƙafata ta yi tsami ina jiran in ji sunana. Ba a ambace ni ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na same ta a ɗakin malamai, na ce abin da take koya wa yara zai zubar da kwarjinin malami. Ta fara maimaita maganata, na ce kada ta yi mini wannan. Ta yi murmushi, ta ce ba ta yarda da ni ba, a ganinta yarinyar da ba ta iya saɓa wa malama cikin ladabi a bayan ido za ta yi, da rashin kunya. Ta ƙara da cewa ta hango bakin mayafina ta taga, in zan sake zuwa in shigo ta ƙofa, akwai kujera.

Kunya ta sa na tambaye ta kai tsaye ko shugabanci take nema.

"Gidana nake nema, 'yar'uwa, in ya rage da sauran ƙofa."

Ban gaskata ta duka ba a ranar. Kan bulala ma ba mu taɓa daidaitawa ba, sai dai mun ci gaba da cin ful a kwano ɗaya, muna musu. Darasin girbi kuwa na sake shi, na kira yarinyar gaban allo ta yi bayanin yadda ake yankan dawa.

Da hanya ta buɗe ta koma Madani tun zango bai ƙare ba. Aka ɗora mini ajinta kafin a samo wata. Mako shida ina fama da nahawun da na rabu da shi tun ina budurwa, yaran suna gyara mini wasali.